Tambaya da Amsa: Ruwan da Ke Cin Ƙanƙarar Antaktika Ta Ƙarƙashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato ƙanƙarar can ƙuryar kudancin duniya da ake ta cewa tana narkewa, inaga wani bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp ya tayar da zancen, shiyasa na tattaro su wuri guda, masu tsawo na rage su, masu kama da juna kuma na haɗe.

Tambaya: Salam. Ni da ɗalibaina mun cika kofi da zoɓo da ƙanƙara har baki, ƙanƙarar ta narke tas amma ko ɗigo bai zuba ba. To dan Allah ta yaya ake cewa in ƙanƙarar da ke kan teku ta narke teku zai cika ya ci garuruwa?
Daga wani malamin firamare, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da irin wannan koyarwa, kuma gwajinku daidai yake. Ƙanƙarar da ke yawo a kan ruwa ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta, in ta narke gurbin nan kawai za ta cike, ɗan abin da ke ƙaruwa a teku saboda bambancin ruwan gishiri da ruwan daɗi kaɗan ne ƙwarai. Inda gizo ke saƙar shi ne ba duka ƙanƙarar ce ke kan ruwa ba.

Antaktika nahiya ce sukutum mai ƙasa da duwatsu, faɗinta wajen murabba'in kilomita miliyan 14, ƙanƙara ce ta binne ta, kaurin ƙanƙarar in an yi tsaka-tsaki ya kai wajen kilomita 2, wani wurin ma ya haura 4. Wannan tulin a kan ƙasa yake zaune, bai shiga kofin ba tukuna, kuma an ƙiyasta da zai narke duka da teku ya tashi da wajen mita 58. Babu mai cewa hakan zai faru a zamaninmu ko na jikokinmu, na faɗa ne don a ji girman abin.

To ita ƙanƙarar nan ba a tsaye take cak ba, nauyinta na sa ta malala a hankali daga tsakiyar nahiyar zuwa gaɓa, koguna ne na ƙanƙara, wani 'yan mitoci yake yi a shekara wani kuma kilomita biyu ko fiye. In kogin ya iso teku ba ya karyewa nan take, sai ya ci gaba da miƙewa a saman ruwa yana haɗe da na bayansa, ruwan teku na kai da komo a ƙarƙashinsa, kaurinsa kuma ɗaruruwan mitoci. Wannan ɓangaren da ke kwance a kan ruwa shi zan riƙa kira rumfar ƙanƙara. Rumfar tana gogar gefen duwatsu, tana maƙalewa a tsibirai, wani wurin cikinta ya dafe kan wani tudu da ke ƙasan teku, duk wannan yana rage wa kogin da ke bayanta gudu. Malam ka san wejin da yaron mota ke cusa wa tayar tirela in ta tsaya a gangare, shi wejin ba wani nauyi gare shi ba in ka gwada da lodin, amma zare shi ka ga aiki. To aikin rumfar ke nan.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a 2002. Rumfar Larsen B da ke zirin Antaktika mai kallon Kudancin Amurka, wadda ta yi aƙalla shekara 10,000 a wurin, ta farfashe daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Maris, murabba'in kilomita 3,250 wato kusan girman jihar Legas, taurarin ɗan adam na ɗaukar hoto. Fashewar kanta ba ta ɗaga teku ba. Amma kogunan da take tokare da su, irin su Hektoria da Green, zuwa 2003 gudunsu ya ninka har sau takwas, suna juye ƙanƙarar kan ƙasa cikin ruwa. Gobe ku sake gwajin da yaran, ku cika kofin har baki sannan ku ɗauko wata ƙanƙarar daga kula ku jefa a ciki, za su gani da idonsu.

Tambaya: Ina karanta labarin ƙasa. An ce wurin ya fi ko'ina sanyi a duniya, to ina ruwan ɗumi ya fito, kuma me ya haɗa siffar ƙasan teku da narkewar ƙanƙara? Na karanta amma ban gane ba.
Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Ƙanwata kin taɓo inda maganar take, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja ta. Sanyi kam akwai shi, a tashar bincike ta Vostok an auna digiri 89.2 ƙasa da sifili a 1983, kuma a yawancin nahiyar iska ba ta iya narkar da abin kirki. Ita Larsen B a yankin da ya fi ɗumi take, ruwa ne ya taru tafki-tafki a samanta ya bi tsaga ya farfasa ta. Amma a sauran wuraren ta ƙasa ɓarnar ke zuwa. Binciken da Eric Rignot da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ya nuna rumfunan na rasa wajen tan biliyan 1,325 a shekara ta narkewar ƙarƙashi, abin da ke ɓallewa ya tafi a matsayin duwatsun ƙanƙara kuma tan biliyan 1,089, kinga wanda ido ba ya gani ya fi yawa.

A tekunan ƙasashe masu zafi ruwan ɗumi ne a sama, mai sanyi a ƙasa. A kewayen Antaktika abin juyewa ya yi. Ruwan da ke saman teku sanyi ƙalau kuma gishirinsa bai kai na ƙasa ba don haka ba shi da nauyi, sai kin nutsa 'yan ɗaruruwan mitoci za ki tarar da wani ruwa mai gishiri, mai nauyi, mai ɗan ɗumi, yana zagaye nahiyar gaba ɗaya. In na ce ɗumi kar ki ɗauka na wanka, digiri 1 ne sama da sifili ko kusa da haka, hannu ba zai jure shi ba. Sai dai ruwan teku sai ya kai wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili yake daskarewa, kuma a zurfin mita 1,000 matsin ruwa na sa ƙanƙara ta narke tun a wajen 2.6 ƙasa da sifili, ke nan wannan ruwan ya ɗara abin da ƙanƙarar wurin za ta jure da fiye da digiri 3, ga shi da yawa ba ya yankewa, dare da rana, rani da damina. Kuma sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ke riƙewa a duniya teku ne ke shanye shi.

Yanzu ga inda ƙasan teku ya shigo. Shi ruwan ɗumin can tsakiyar teku mai zurfi yake, tsakaninsa da ƙanƙara akwai gefen nahiyar da ke nutse a ruwa, wani dandamali mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Da dandamalin nan ba shi da zurfi kuma a shafe yake da ruwan ba zai hau ba, nauyinsa zai hana shi. To amma na Antaktika zurfinsa wajen mita 500 ne, ya ninka na sauran nahiyoyi, sannan wajen shekara 20,000 da suka wuce lokacin da ƙanƙara ta fi haka yawa, kogunanta sun miƙa har bakin dandamalin suna kankare ƙasa, da suka janye suka bar manyan kwazazzabai. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kwazazzaban nan ƙara zurfi suke yi in ana dosar nahiyar, wasu su wuce mita 1,000. Ruwan ɗumi in ya samu ya haura baki sai kawai ya gangara, hanya ta kai shi har gindin ƙanƙara, daidai layin da ta rabu da ƙasa ta fara hawa ruwa, wurin da ta fi kauri kuma ta fi saurin narkewa.

Shiyasa za ki ga rumfuna biyu a nahiya ɗaya amma halinsu ya sha bamban. Rumfar Ross, wadda ta kai girman Faransa, ruwan da ke ƙarƙashinta mai tsananin sanyi ne, saboda a gabanta teku na daskarewa sosai, gishirin da ke fita wajen daskarewar ya sa ruwan wurin ya yi nauyi ya cika ƙasa ya tare wa mai ɗumin hanya, narkewarta kaɗan ce. A Tekun Amundsen kuwa, yammacin nahiyar, babu wannan kariyar, kwazazzabai a buɗe suke, kuma a nan ne manyan kogunan ƙanƙara na Pine Island da Thwaites suke, inda kusa da gindin ƙanƙara ake rasa kaurin gomman mitoci a shekara.

Labarin Pine Island ne ya fi nuna abin da kike tambaya. A 2009 masu bincike na Birtaniya suka tura wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi mai suna Autosub3 ƙarƙashin rumfar, ya gano wani tudu a kwance a ƙasan teku mai tsayin wajen mita 300. A da ƙanƙarar a kan tudun nan take zaune, ya riƙe ta kuma ya tare ruwa. Lakar da aka haƙo daga wurin daga baya ta nuna tun wajen 1945 ruwa ya fara samun kafa a bayan tudun, bayan wani babban El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya iska da yanayi a duniya, da aka yi daga 1939 zuwa 1942, zuwa wajen 1970 kuma ƙanƙarar ta saki tudun. Ki lura da wannan lissafin: Stan Jacobs na jami'ar Columbia ya auna ruwan wurin a 1994 ya sake aunawa a 2009, ɗumin ruwan ya ƙaru da wajen digiri 0.2 ne kacal, amma narkewar ta ƙaru da kashi 50 cikin 100. Dalili, ƙanƙarar na sirancewa, tazarar da ke tsakaninta da kan tudun na ƙara buɗewa, ruwan ɗumi na ƙara samun hanyar shiga da fita. Wallahi duk wanda ya gane wannan ya gane rabin karatun, ba sai teku ya yi zafi sosai ba, ƙofa kawai za ta ƙara faɗi. Iska ma na da hannu, ita ke ƙayyade yawan ruwan da ke haurowa bakin dandamalin, a 2012 bayan La Nina mai ƙarfi, wato kishiyar El Nino, narkewar Pine Island ta ragu da kusan rabi in an gwada da 2010, abin hawa da sauka yake yi.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi tayar da hankalin masana. A yammacin Antaktika ƙasar da ƙanƙara ke zaune a kai tana ƙasa da matakin teku, kuma tana ƙara zurfi in ana shiga ciki, har ta kai wajen mita 2,500 a kwarin Bentley. Idan gindin ƙanƙara ya ja baya sai ya faɗa wuri mafi zurfi, a nan ƙanƙarar ta fi kauri, mai kauri kuma ta fi saurin zubowa, zubowar ta sa ta ƙara ja baya, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har sai an ci karo da wani tudun da zai riƙe. Johannes Weertman ya yi lissafin wannan a 1974, John Mercer na jami'ar jihar Ohio kuma ya yi gargaɗi a kai a 1978, tun ba a da na'urorin gani irin na yau. Daga 1992 zuwa 2011 gindin Pine Island ya ja baya da kilomita 31, na Thwaites da 14.

Gabashin nahiyar ma ba a bar shi ba, taswirar da Mathieu Morlighem ya jagoranta a 2019 ta gano kwarin da ke ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Denman ya kai mita 3,500 ƙasa da matakin teku, babu kwari mai zurfinsa a kan wata nahiya, amma taswirar ta kuma gano tuddai da ke kare wasu kogunan. A arewacin duniya ma haka ne, kogin ƙanƙara na Jakobshavn da ke Girinlan ya yi shekaru yana ja baya, da ruwan da ke shigo masa ta ƙasa ya yi sanyi daga 2016 sai ya rage gudu har ya ƙara kauri na 'yan shekaru.

Tambaya: Duk wannan bayanin wa ya shiga ƙarƙashin ƙanƙarar ya gani? Ko hasashe ne na kwamfuta?
Daga wani makaniki, Maraɗi.

Amsa: Maigida gani ya kori ji, kuma an gani. Daga jirgin ruwa ana aika sauti ƙasa a auna lokacin da amsa-kuwwarsa za ta dawo, da haka ake zana ƙasan teku, daga jirgin sama kuma rada na ratsa ƙanƙara ta nuna dutsen da ke ƙasa. Matsalar ita ce rada ba ta ratsa ruwan gishiri, jirgin ruwa kuma ba ya shiga ƙarƙashin rumfa, don haka wurin da aka fi buƙatar sani shi ne ya fi wuyar kaiwa.

A 2018 Amurka da Birtaniya suka haɗa gwiwa a kan binciken Thwaites. A Janairun 2020 suka kafa tanti a kan rumfar, suka narkar da dusar ƙanƙara suka zafafa ruwan sosai, suka yi ta fesa shi ta tiyo har suka huda rami mai zurfin kusan mita 600 wanda faɗinsa bai fi mutum ya zagaye da hannuwansa biyu ba, kuma dole a yi sauri don ramin na fara daskarewa da zarar an daina. Ta nan suka zura wata siririyar na'ura mai kyamara da ake kira Icefin, ta tawagar Britney Schmidt, ta yi iyo har inda ƙanƙara ta haɗu da ƙasa. Sakamakon ya fito a mujallar Nature a Fabrairun 2023 kuma ya ba da mamaki. Inda cikin rumfar yake a shafe narkewar mita 2 zuwa 5 ce a shekara, ƙasa da yadda kwamfuta ta yi hasashe, saboda wani siririn ruwan daɗi mai sanyi na kwanciya a jikin ƙanƙarar yana kare ta. Amma inda ta tsage ko ta yi hawa-hawa irin na matakala, nan ruwan ke ci da sauri, yana faɗaɗa tsagar yana raunana rumfar. Kaga ba hasashe ake bi ido rufe ba, awo na gyara lissafi.

Akwai kuma Ran, jirgin ƙarƙashin ruwa mara matuƙi na jami'ar Gothenburg ta Suwidin, mai tsawon wajen mita 7. A 2019 ya zana ƙasan teku a gaban Thwaites a zurfin mita 700, ya ɗauko hoton wasu kunyoyi sama da 160 a jere cikin laka. Kowace kunya sawun gindin ƙanƙara ne, teku ya hau ya ɗaga ta, ya sauka ta dafe laka, kusan kunya ɗaya a rana. Da Alastair Graham da abokansa suka ƙirga tazarar sai suka ga a wani lokaci cikin shekaru 200 da suka wuce kogin ya taɓa ja baya da gudun sama da kilomita 2 a shekara, na tsawon 'yan watanni, bayan ya saki wani tudu. A farkon 2024 Ran ya sake shiga ƙarƙashin ƙanƙarar yankin bai dawo ba, an neme shi har aka haƙura. Har dabbobin teku da ake kira sil ana manna wa ƙaramar na'ura a ka, su nutsa ɗaruruwan mitoci neman abinci su dawo da awon ɗumi da gishiri daga inda jirgi ba ya zuwa. Duk da haka fa, a duniya baki ɗaya abin da aka zana da kyau na ƙasan teku bai fi kashi ɗaya bisa huɗu da ɗan wani abu ba, a ƙididdigar shirin Seabed 2030.

Tambaya: Na ga bidiyo wai wata ƙanƙara za ta faɗi nan da shekara biyar Legas ta nutse. Ga shi an yi min tayin fili wajen Ajah. In saya ko in haƙura?
Daga wani ɗan kasuwa, Agege, Legas.

Amsa: Alhaji Allah ya ba da kasuwa. Ka kwantar da hankalinka, amma ka buɗe ido. Maganar shekara biyar tana da asali, a Disambar 2021 Erin Pettit ta jami'ar jihar Oregon ta ce rumfar gabashin Thwaites na iya farfashewa cikin wajen shekara biyar. Rumfar take nufi, masu haɗa bidiyo suka mai da shi kogin gaba ɗaya. Shi kogin Thwaites girmansa murabba'in kilomita 192,000 ne, wajen kashi ɗaya bisa biyar na Najeriya, yana rasa wajen tan biliyan 50 a shekara, wato kusan kashi 4 cikin 100 na tashin teku a duniya daga gare shi yake. In ya ƙare duka teku zai tashi da santimita 65, in kuma ya ja maƙwabtansa na yammacin nahiyar abin zai haura mita 3, sai dai wannan aikin ɗaruruwan shekaru ne, masu binciken da kansu a 2024 ƙarni na 23 suka ambata.

Abin da ya shafe ka kai da 'ya'yanka ga shi. Daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi da wajen santimita 20, kuma gudun na ƙaruwa, tsakanin 2006 da 2018 ya kai milimita 3.7 a shekara. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonsa na 2021 ya ce zuwa 2100 ƙarin zai kama daga santimita 28 zuwa 55 in an rage hayaƙi sosai, ko 63 zuwa mita 1 da ɗan kai in an ci gaba da ƙona mai da kwal babu ƙaƙƙautawa, kuma bai kore yiwuwar kusan mita 2 ba, saboda halin ƙanƙarar Antaktika. Rabin mita a baki kamar ba komai, amma a unguwar da ke daf da matakin ruwa yana nufin kwata ba za ta iya zubar da ruwan sama a lagun ba in teku ya ciko, ambaliyar da a da sai an daɗe ake gani ta koma ta kowace damina, rijiya kuma ta fara ɗanɗanon gishiri.

Gaskiya kuma ba komai za a ɗora wa ƙanƙara ba. Cin gaɓar Bar Beach ya samo asali ne daga katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jirgin ruwan Legas a farkon ƙarni na 20, suka tare yashin da ke zuwa daga yamma. A Keta ta Gana madatsar Akosombo ta rage yashin da kogin Volta ke kawowa. Ga masu ɗibar yashi, ga cike fadama a yi gini, ga ƙasar da ke lotsawa saboda yawan borehol. Tashin teku a kan waɗannan yake hawa ya ƙara musu ƙarfi, mutanen Ayetoro a jihar Ondo da teku ya cinye musu gidaje sun san haka. Shawarata kar ka sayi filin da rani, ka je a watan Yuni ko Yuli bayan an kwana ana ruwa, ka duba alamar ruwa a jikin katangun maƙwabta, ka tambayi masu shago da 'yan acaba na layin ba dillali ba, ka kuma bincika ko cikon fadama ne. Mu na arewa ma kar mu ce ba ruwanmu, kayan da ke cika kasuwannin Kano da Maraɗi ta Apapa da Kwatano da Lome suke shigowa.

Tambaya: Ambaliyar da ta same mu a 2024 tana da alaƙa da wannan narkewar?
Daga wata uwa, Maiduguri.

Amsa: Hajiya Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya mayar muku da alheri. A'a, ba ruwan teku ba ne. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ce ta ɓalle a Satumbar 2024 bayan ruwan sama mai yawa, kamar yadda ta taɓa yi a 1994. Maiduguri na sama da matakin teku da wajen mita 300, Kano ta haura 450, ko duka ƙanƙarar duniya ta narke teku ba zai zo kusa ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ɗumamar duniya, iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi don haka ruwan sama kan sauko da ƙarfi, amma maganin irin taku ambaliyar gyaran madatsa ne da magudanan ruwa da gargaɗi a kan lokaci.

Tambaya: Tunda ta kwazazzabai ruwan ɗumin ke bi, me zai hana a toshe su?
Daga wani injiniya, Kumasi.

Amsa: Ranka ya daɗe ba kai kaɗai ka yi wannan tunanin ba. John Moore na jami'ar Lapland a Finlan da Michael Wolovick sun daɗe suna kawo shawarar a kafa wani labule a ƙasan Tekun Amundsen, a ɗaure gindinsa a ƙasa samansa na tsaye cikin ruwa, tsawonsa wajen kilomita 80, tsayinsa wajen mita 100, a zurfin mita 600, ya tare ruwan ɗumin da ke bin ƙasa ya bar mai sanyin sama ya wuce, kuma an sa shi mai lanƙwasa ne don in dutsen ƙanƙara ya zo wucewa ya kwanta ya sake tashi. Kuɗin da suka ƙiyasta dala biliyan 40 zuwa 80, ban da na kula da shi duk shekara.

Ni dai ina ganin a yi ta bincike a kai babu laifi, amma kar kowa ya jingina da shi. Wurin 'yan watanni kaɗan jirgi ke iya shiga a shekara, wata shekarar ma ƙanƙarar saman teku ta hana, ruwan da aka tare kuma zai iya karkata ya je ya ci wata rumfar, ga halittun da ke rayuwa a wurin, ga yarjejeniyar Antaktika ta 1959 da ƙa'idar kare muhallinta ta 1991 da sai ƙasashe sun amince. A 2025 masana sama da 40 sun fitar da nazari suna cewa irin waɗannan dabarun ba za su yiwu a kan lokaci ba, kuma suna iya ɗauke hankali daga rage hayaƙi.

Shi ma rage hayaƙin a faɗi gaskiyarsa. Binciken Kaitlin Naughten ta hukumar binciken Antaktika ta Birtaniya a 2023 ya nuna ruwan Tekun Amundsen zai ci gaba da ɗumama a wannan ƙarnin da wajen ninki uku na gudun ƙarnin da ya wuce ko da an cika alƙawarin rage hayaƙi da ƙasashen duniya suka ɗauka a Paris, ke nan wani ɓangare na narkewar yammacin ya riga ya kama hanya, garuruwan gaɓa sai su yi shiri. Gabashin nahiyar ne har yanzu ke hannu, shi ke riƙe da ƙanƙarar da ta kai mita 52 na tashin teku, kuma nazarin da Chris Stokes na jami'ar Durham ya jagoranta a 2022 ya nuna in ɗumamar duniya ba ta wuce digiri 2 ba yawancinsa zai zauna a inda yake.

Masu tambaya a kan zaizayar ƙasa da kwararowar hamada ku yi haƙuri, naku sai fitowa ta gaba in sha Allah.